Wayar Intanet a Gidanmu

Mu mutanen Gulma ne, kusa da Argungu, noman shinkafa a fadama kuwa shi ne sana'armu. Babban ɗanmu yana aiki a Ikko, ƙanwarsa kuma tana aure a Gaya, cikin ƙasar Nijar. 'Yan'uwa a ikkilisiya sun sha tambayarmu ko wayar intanet ta cancanci kuɗin da a ke kashe mata. Ga abin da mu ka gani.

Dā in muna da saƙo, sai mu rubuta wasiƙa mu ba direba. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya ta iso mu. Amma kiran Gaya kiran ƙasar waje ne, kafin a gama gaisuwa kati ya ƙare. A 2015 WhatsApp ya soma kiran murya, a 2016 kuma ya ƙara na hoto. Shi wannan kira ta intanet ya ke bi, data kawai ya ke ci, saboda haka Gaya da Argungu duk kuɗinsu ɗaya ne.

Mun ga amfaninsa a 2023. Bayan juyin mulki a Nijar aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a 2024. Cikin wannan lokaci ne 'yarmu ta haihu. Ba mu sami zuwa suna ba, amma mun ga fuskar jikarmu a waya, mu ka kuma yi addu'ar godiya tare, su can, mu nan. Ran nan babu wanda ya tuna da kuɗin data.

Amma fa akwai abin lura. Tilas kowane ɓangare ya kasance da babbar waya, da data, da caji. A 2025 gwamnati ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, kiran hoto kuwa ya fi na murya ci nesa ba kusa ba. In kuma sabis ya yi rauni, magana ta dinga tsinkewa ke nan. Daren da ciwon Kaka ya tashi, intanet ya ƙi sam. Da ƙaramar wayarmu ta dā mu ka sami mai mota ya kai ta asibiti. Kada ku yar da ƙaramar waya. Ku kuma yi hankali da mazambata. Duk wanda ya ce ku karanta masa lambobi 6 da aka aiko muku, layinku na WhatsApp ya ke so ya ƙwace domin ya roƙi kuɗi da sunanku.

Babbar hasarar kuwa ba mu gan ta da wuri ba. Tun da mu ke ganin juna kowane mako, ɗanmu ya yi Kirsimati biyu bai zo gida ba, mu ma ba mu matsa masa ba. Da Kaka ta dawo daga asibiti, ya kira ya ce, "Kaka, yaya jiki?" Ta daɗe tana duban wayar, sa'an nan ta ce, "Maigidana, ina ganinka, amma wa zai kama hannuna ya tashe ni?" Duk mu ka yi shiru. Mun tuna manzo Yohanna, wanda a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu ya nuna ya fi son ya je da kansa bisa ga ya yi ta rubutu. Hausawa ma sun ce zumunta a ƙafa ta ke.

Yanzu mun tsai da ƙa'ida. Muna kira ran Lahadi da yamma bayan sujada, da murya kaɗai, sai in akwai wani babban dalili. Abin da ya ragu daga kuɗin data, kowane gida yana jefa shi a asusu domin kuɗin mota. Mun ga wayar intanet ta cancanci kuɗinta, muddin ba ta hana ziyara ba. Ɗanmu ya zo Kirsimatin da ta wuce, shi ne kuma ya riƙe hannun Kaka har cikin majami'a.