Sawun Baba a Mambila

Mu uku Baba ya haifa, duk maza, kuma duk mun tashi da ƙorafi ɗaya a zuci: Mambila ta ƙwace mana uba. Malamin dabbobi ne. An tura shi Gembu tun ana jihar Gongola, ya bar mu a Zariya wajen Inna. Sau biyu yake zuwa gida a shekara, ƙaramar Salla da babba. In ya zo yakan kawo ganyen shayi da man shanu a kwalba, da dare ya zauna a tsakar gida ya tsoma ƙafafunsa cikin ruwan ɗumi da gishiri, yana ba mu labarin ƙasar da ake lulluɓa da bargo a tsakiyar bazara. A tunaninmu na yara, mutum yana can yana shan iska da madara, mu muna nan muna girma ba shi. Ranar da aka kwantar da autanmu a asibiti ba ya nan. Har ya rasu ba mu faɗa masa abin da ke ranmu ba, ba mu kuma sauke shi ba.

Bayan rasuwarsa muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, muka tarar da wani ɗan littafi da ya sha hannu. Kowane shafi sunayen rugage ne, da yawan shanu, sai wani layi a gefe: awa 6, awa 9, awa 11. Babu kilomita ko ɗaya. Yaya ne ya ce mu je mu gani da idonmu.

A ƙarshen Nuwamba muka tashi. Daga Jalingo muka bi ta Bali da Serti, a Mayo-Selbe hanya ta fara naɗewa a jikin dutse, mota na nishi, kunnuwanmu na toshewa, har muka fito sarari a Maisamari. Daga Nguroje 'yan acaɓa suka kai mu wani ƙauye inda hanyar babur ta ƙare. Jauron garin ya ba mu ɗaki, ya haɗa mu da wani saurayi da zai yi mana jagora. Burinmu shi ne Chappal Waddi, tsauni mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419, a kan iyaka da Kamaru, a gefen gandun dajin Gashaka-Gumti. Mun ce don Baba muka zo, amma gaskiya har da son hoton da za mu ɗauka a ƙololuwa.

Muna idar da sallar Asuba muka kama hanya. Ruwan alwala ya riga ya kashe mana yatsu. Kafin rana ta fito raɓar ciyawa ta jiƙa mana wando har cinya. Mu da muka san dutse a Kufena, mun zaci hawa ɗaya za a yi a gama. Ashe tuddan Mambila na ciyawa ne, ɗaya bayan ɗaya kamar an kifa ƙorai. Ka yi rabin awa kana hawa, sai ka gangara kwari, ka ratsa duhun itatuwa, ka tsallake rafi, duk tsayin da ka tara ya zube, ka sake sabon lale. Jagoranmu yana gaba da takalmin roba da sanda, ko haki ba ya yi. Muka tambaye shi kilomita nawa suka rage. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ya danganta da ƙafa."

Wajen hantsi wasu mata suka cim mana, kowacce da kayan masara a ka, ɗaya har da goyo. Suka gaishe mu, suka wuce, kafin mu gama shan ruwa sun zama ɗigo a kan tudu na gaba. Muka dubi takalmanmu masu tsada, ba wanda ya ce uffan. Abin da muka yi tanadin wata shida don mu yi sau ɗaya, shi ne hanyar kasuwarsu.

Da rana ta take, gwiwar Yaya ta fara gardama. A ranar muka gane gangara ta fi hawa cin gwiwa. Ya daure, ya daure, har muka ga yana saukowa a karkace, yana cije leɓe. Muka zauna a bakin wani rafi, muka jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli, muka haɗa Azahar da La'asar. Nan rigima ta tashi. Auta ya ce a bar shi ya ƙarasa da jagora, su dawo su same mu. Yaya ya ce ai dama halinsa ne, kansa kawai ya sani. Auta ya ce a gida ya koya. Duk mun san wa yake nufi.

Jagora ya bari muka yi shiru, sannan ya nuna arewa da sandarsa. Wani farin hazo yana rarrafowa daga cikin kwari. Ya ce, "Ba a raba ayari a kan dutse. In wannan ya rufe, ko tafin hannunka ba ka gani. Akwai ruga a bayan tudun nan, mu je a duba ƙafar Yaya."

A rugar muka sami wani dattijo zaune a kan buzu, jajayen shanu masu dogayen ƙaho na kiwo a bayansa. Aka kawo mana kindirmo. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya gyara zama. Ya ce shanu suna son Mambila don babu ƙudan tsando a sama, amma tsayi bai hana bushiya hawowa ba. Annobar da ta afka wa shanun Nijeriya a 1983 yake nufi. Ya ce saniya takan fara da zazzaɓi, ido da hanci na zuba, sai zawo, cikin 'yan kwanaki ta faɗi. Ya ga mutanen da suka kwana da garke suka wayi gari da sanda kawai.

"Malamai sun zo," in ji shi. "A ƙasa suka zo, da akwatin sanyi. Allurar ba ta son zafi, in ta ɗumama ta zama ruwa. Shi ya sa ba sa zama a hanya. Su iso, su yi wa shanu, su yi musu alama a kunne, su juya."

Yaya ya faɗi sunan Baba, ya ce, "Baffa, ko ka tuna shi?" Dattijon ya daɗe yana tunani. Mun so ya ce e, ko da na kara ne. Ya girgiza kai. "Ɗana, ba mu tambayi sunansu ba. Hankalinmu na kan shanu. Allah ya san su."

Auta ya ciro littafin ya fara karanto sunayen rugage. A na bakwai dattijon ya ɗaga hannu. Ya ce wannan ta kawunsa ce, da can tana bayan tuddai biyun can, sun daɗe da tashi. Muka duba gefen shafin: awa 11. Mu awa bakwai muka yi, ba mu ɗauke da komai sai gorar ruwa, ga mu a zube. A 2011 aka sanar cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, cuta ta biyu da aka taɓa gamawa da ita bayan agana. Baba yana raye a lokacin. Ba mu ma san akwai abin da za mu taya shi murna a kai ba.

Ba mu kai ƙololuwa ba. Da hazon ya ɗan yage mun hango ta, baƙa, shiru, sannan ta sake ɓuya. Aka ɗaure wa Yaya gwiwa da rawani, muka juya. Auta ne ya shiga ƙarƙashin hammatarsa ba tare da an ce masa ba, kuma bai fita ba har gida. Duhu ya same mu a hanya, muka riƙa tsallake rafuka da fitilar waya, sanyi na shiga ƙashi. Mun shiga ƙauyen an daɗe da yin Isha.

Tafiyar ba ta mayar mana da shekarun da muka yi ba shi ba. Inna dai ita kaɗai ta kwana a asibiti da Auta, wannan ba ya gogewa. Amma muna zaune a ƙofar ɗaki sai ga yaro daga cikin gidan Jauro da babban baho, tururi na tashi, da ɗan gishiri a murfin kwano. Ba mu roƙa ba. Haka ake yi wa duk wanda ya sauko. Mu uku muka tsoma ƙafafu cikin baho ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai.

Washegari da muka sami sabis a Nguroje muka kira Inna, muna ta zuba mata labari, muna katse juna. Ta bari muka gama, sannan ta ce, "Ai na sani. Wa kuke zato yake dafa masa ruwan?"