Sai Iska Ta Fita Ruwa Ke Shiga

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai shayi ya ga yadda yake huda gwangwanin madara sau biyu, ɗaya nan, ɗaya can gefe. Ta ɗaya madara ke zuba, ta ɗayar iska ke shiga ta maye gurbinta. Da huda ɗaya ce, sai madarar ta yi ta ɗiga tana tsayawa. Wannan ƙaramin abu shi na tuna ranar da na ga wani dattijo a Ostareliya yana ɗura wa karaban ɗinsa ruwa.

Karaban ɗaki ne na tafi-da-gidanka da ake ƙulla wa mota ta ja, da gado da kicin da banɗaki a ciki. Tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya a can suna shafe watanni suna zagaya ƙasar a cikinsa. Tankin ruwansa yana kwance a ƙarƙashin daɓe, galibi mai cin lita 80 zuwa 95, wasu kuma suna da biyu. Ruwan nan shi ne na sha, na girki, na wanka. Wanda zai ratsa filin Nullarbor, tafiyar kusan kilomita 1,200 daga Norseman zuwa Ceduna inda ruwa ke wuyar samu, ba ya wasa da ko lita ɗaya.

Dattijon ya zura tiyo a bakin tankin, ya murɗa famfo kaɗan, ya ja kujera ya zauna. Na tambaye shi me ya hana ya buɗe gaba ɗaya ya gama da wuri. Ya ce ya taɓa yin haka. Ko minti biyu ba a yi ba ruwa ya yi tsartuwa ya dawo masa ta bakin tanki, ya ɗauka ya cika, ya rufe ya kama hanya. Sai da ya yi nisa ya gane ko rabi bai kai ba.

Abin da ya faru shi ne, tankin da muke cewa babu komai a cikinsa, cike yake taf da iska. Kowace litar ruwa da za ta shiga, sai litar iska ta ba ta wuri. Don haka ake yi wa tankin wani siririn bututu na numfashi, wanda ke tashi daga samansa ya fito kusa da bakin da ake ɗura ruwa. Idan bututun ya lanƙwashe, ko ya yi ciki ruwa ya kwanta a ciki, ko laka ta toshe shi, iska ba ta da mafita. Har zanzaro ma yakan yi gininsa a bakin bututun, kamar yadda yake liƙa nasa a kusurwar ɗakunanmu. Idan kuma aka sako ruwa da ƙarfi ya cika bututun shiga, iska da ruwan sai su yi karo a hanya ɗaya, tankin ya amayar da abin da aka ba shi.

Maganin ba shi da tsada. A tsayar da karaban a wuri mai daidai, don kada iska ta taru a kusurwa ɗaya. A duba bututun numfashi, a busa shi a ji ko a buɗe yake. A yi amfani da siririn tiyo na ruwan sha, a tura shi can ciki, a bar sarari a gefensa. Sannan a sassauta famfo, domin a nan ne sauri ke haifar nawa.

Akwai kuma iskar da ke maƙalewa bayan tanki ya ƙafe. Ƙaramin injin tura ruwa mai aiki da batir na volt 12 zai yi ta kuka, amma famfo sai tari da tofi. Direbobinmu sun san irin wannan: man dizal ya ƙare, a ce mota ta sha iska, sai an fitar da ita kafin injin ya tashi. A nan ma haka ne. A buɗe famfon sanyi har ruwa ya zubo sumul, sannan na zafi, a jira tukunyar dumama ruwa ta cika kafin a kunna ta, don kunna ta a bushe na iya ƙona ta.

Na daɗe ina kallon dattijon nan da kunnensa kusa da bututun numfashi, yana sauraren hucin iskar da ke fita. Da hucin ya tsaya, ruwa ya ɓullo ta nan, sai ya miƙe ya rufe famfo. Mai karatu, ko tankin karaban ne ko na saman rufin gidanka, kada tumbatsar baki ta ruɗe ka. Ka fara tabbatar iska ta samu hanyar fita, sannan ka ce ya cika.