Kuɗin A-Kori-Kurar Baba



Mu marubuta littattafan Hausa idan muka tashi haɗa rigimar gado a labari ba ma yi da wasa. Sai mu kashe wani hamshaƙin Alhaji mai gidaje a Nasarawa da kamfanoni a Legas, mu jera Marsandi biyar a harabar gidansa, sannan mu saki kishiyoyi da 'ya'ya su yi ta bin bokaye. Masu karatu suna so, mu ma muna samun na cefane. To amma gadon da yawancinmu muka sani a zahiri bai wuce gidan ƙasa ɗaya ba, da 'yar gona, da tumaki, da keken ɗinki, sai kuma wata tsohuwar mota a ƙofar gida. A kan irin waɗannan ne ake ɓatawa har a daina gaisawa, kuma sau da yawa ba don wani ya yi niyyar cuta ba, sai don an ji kunyar tsayawa a yi wa abu kuɗinsa na gaskiya.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a farkon 2023. Cikin abin da ya bari akwai a-kori-kura Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo, ƙirar 1985, haɗin Nijeriya. Ya saye ta na hannu a 1992, ya yi shekara talatin yana ɗauko hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Da ita aka ciyar da mu, da ita aka kai kayan ɗakin 'yan uwana mata uku gidajen mazajensu. Magada mu tara ne: matansa biyu, wato Hajiya da Inna, 'ya'ya maza uku da mata huɗu, autarmu a lokacin shekarunta goma sha biyu. Gida da gona ba su ba da wahala ba, don masu unguwa da dillalan filaye sun san abin da ake sayar da na kusa da su. Motar ce ta tsaya mana a wuya.

Aka gama takaba, wata huɗu da kwana goma, babu wanda ya iya buɗe baki ya yi zancenta. Kowa yana tsoron a ce ƙasar kabari ba ta bushe ba ya fara hangen dukiya. Haka ta zauna ƙarƙashin darbejiya sama da shekara guda. Mai karatu, mota ba fili ba ce da za a bar ta tana ƙara daraja. Batir ya mutu, tayoyi suka tsattsage, fetur ɗin da ya rage ya daskare a cikin kafireto, ɓeraye suka ci wayoyi, damina ta tara ruwa a bodi tsatsa ta kama. Yaran unguwa kuma suka cire madubi ɗaya. Duk watan da muka yi muna kunya, dukiyar marainiya ce take zagwanyewa a gabanmu.

Sai da Baffanmu, ƙanen Baba, ya tara mu. A wannan zaman ne na ji farashi biyu da suka yi hannun riga. Yayanmu babba ya ce shi a ganinsa ko miliyan huɗu aka ba da an yi arha, don irin wannan ƙarfen an daina yin sa. Ƙanena kuwa, wanda direba ne kuma shi yake son ya riƙe ta ya ci gaba da sana'ar Baba, ya ce tsakani da Allah ba ta wuce naira 800,000 ba, kuma a shirye yake ya biya. Babu maƙaryaci a cikinsu. Yaya yana kallon Baba a bayan sitiyari, ƙanena yana lissafin abin da zai kashe kafin ta hau titi. Amma mai son saye ba ya zama alƙalin farashi, mai kewar uba ma haka.

Baffa ya dube ni ya ce, "Kai da kake yawon kasuwanni da littattafai, je ka ji abin da kasuwa za ta ce. Kada ka kawo mini bakin mutum ɗaya, kuma duk wanda ya yi tayi ka rubuta."

Na ce, "To Baffa, in Allah Ya yarda za a yi yadda kuka ce."

Abin da aka fara ɗauko mini shi ne rasit ɗin Baba na 1992, naira 45,000. Takarda ce mai amfani wajen nuna mallaka, amma ba ta faɗin komai game da farashin yau. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, daga 1986 da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP ta kama gangara. A ƙarshen 2024 wannan naira 45,000 ko litar fetur 50 ba za ta saya ba.

Da na fara tambaya sai na gane abubuwa biyu ne suke jan farashin irin wannan mota, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na farko, a ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki farashin gwamnati ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Kano, kuma bai tsaya nan ba. Tsohon injin Fijo mai kafireto ba ya wasa da fetur, saboda haka masu dakon kaya cikin gari da yawa sun gwammace ƙananan Hijet da babura masu ƙafa uku. Wannan ya rage mata masoya. Na biyu, a Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a farkon 2024. Motocin da ake shigowa da su daga waje suka yi tsadar da mai ƙaramin ƙarfi ba ya ko taya su, sai ya waiwayo kan tsofaffin da ke gida. Ga kuma wata daraja ta daban: tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, aka yi kusan shekara talatin ana fitar da 504, don haka kayan gyaranta na hannu ba sa wuya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kuma da wuya ka je garin da babu bakaniken da ya san cikinta.

Daga nan na nemo bakanike, kuma da gangan ban ɗauko na Baba ba, don abokin ƙanena ne. Na biya shi kuɗin dubawa, na gaya masa ba saye zai yi ba, ba kuma dillanci ba. Bai ko kalli fenti ba. Kwanciya ya yi a ƙasa ya bi shasi da guduma yana ƙwanƙwasawa, yana neman inda tsatsa ta ci ko inda aka taɓa yin walda. Ya ce a motar kaya shasi ne uwa: inji ana sauke shi a ɗora wani, amma shasin da ya karye aka ɗinke ba ya sake ɗaukar buhu goma sha biyar da kwanciyar hankali. Ya duba sifirin na baya, ya duba aksul, ya leƙa lagireto ko mai ya haɗu da ruwa. Ya goge lambar shasi da ta inji ya gwada da abin da ke cikin takardu. A nan muka samu 'yar matsala, domin Baba ya taɓa canza inji, amma Allah Ya taimaka Hajiya ta adana rasit ɗin a cikin adakarta. Ba don haka ba, duk mai saye sai ya rage kuɗi saboda tsoron abin da zai tarar a shingen 'yan sanda. Agogon da ke ƙirga kilomita kuwa ya daɗe da mutuwa, babu ma wanda ya tambaya.

Shawarar da ya ba ni ita ce kada a kira kowa sai an tayar da ita, don motar da ba ta tashi kuɗin gawa ake ba ta. Baffa ya amince aka ciri naira 120,000 daga kuɗin da Baba ya bari, aka rubuta. Aka sa batir, aka wanke kafireto, aka canza fulogi da baƙin mai, aka gyara wayoyi, aka sayo tayoyi biyu na hannu. Fenti ya ce a bar shi, don ba ya dawo da kuɗinsa, kuma sabon fenti a tsohuwar mota sa mai saye yake ya yi zaton ana ɓoye wani abu. Da ta tashi ya tsaya a baya yana kallon salansa. Ya ce shuɗin hayaƙi alamar inji yana shan baƙin mai ne, fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa alamar ruwa yana shiga inji. Tamu ta ɗan yi shuɗi kaɗan. Ya ce a faɗa wa duk wanda ya zo, tunda ko ba a faɗa ba zai gani.

Sannan aka shiga tayi. 'Yan gwangwan sun zo tun kafin a kira su. Su nauyin ƙarfe suke saye, da abin da za su kwance su sayar ɗai-ɗai, suka ce 450,000. Ban ji haushi ba, don aƙalla mun san ƙasan da ba za a faɗa ƙarƙashinsa ba. Dillalai biyu suka zo a ranaku daban, ɗaya ya ce 1,100,000, ɗaya 1,200,000, kowanne yana rantsuwa cewa don mutuncin marigayi ya kai haka. Dillali ba maƙiyi ba ne, amma sai ya bar wa kansa gurbin riba ko la'ada, dole a sa wannan a lissafi. Wani kuma ya bugo waya ya ce miliyan biyu alhali bai taɓa ganin motar ba. Wannan cinikin biri a sama ne, ban ko rubuta ba.

Farashin da ya tsayar da magana daga wani mai dakon albasa da tumatir ya fito, mutumin wani ƙauye da hanyarsu ba ta da kwalta. Shi ƙaramar Hijet ba za ta yi masa ba. Ya zo da nasa bakaniken, suka loda mata buhunan yashi, suka zaga da ita, suka saurari giya, suka taka birki. Ya taya 1,400,000 aka ce albarka, ya tafi. Bayan kwana uku ya dawo ya ce 1,600,000, kuɗi a hannu, ba zai ƙara ko sisi ba. Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Idon da ya fi sanin kimar mota shi ne na wanda zai ci abinci da ita kuma ya zo da kuɗinsa.

Baffa ya sake tara mu, har da mata, ya sa na karanta duk tayin da aka yi. Sannan malamin da ya raba mana sauran gadon ya yi lissafi bisa abin da ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, tunda an riga an biya bashi kuma iyayen Baba sun riga shi rasuwa. Tumunin 1,600,000 shi ne 200,000, Hajiya da Inna kowacce 100,000. Ragowar 1,400,000 aka kasa goma, kowace mace 140,000, kowane namiji 280,000. Da an sallama a 800,000 ɗin farko, kowace 'yar uwata 70,000 za ta samu, wato rabin haƙƙinta ya tafi ba ta ma san ya tafi ba. Ƙanena da ya ji haka sai ya sunkuyar da kai, don bai taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba.

Baffa ya ce masa, "Kai ne ɗan gida, kai ka fi cancanta da ita. Amma a kuɗin da bare ya saya za ka saya."

Aka cire masa kasonsa, ya rage zai biya 1,320,000. Na Hajiya da Inna da na auta aka ce lakadan za a ba da, babu bashi babu ragi, don babu wanda yake da ikon yin kyauta da dukiyar marainiya. Yaya ya ce ya yafe rabin nasa. Ni da yayata muka ce ya biya mu a hankali cikin shekara. Sauran ƙannena mata biyu suka ce suna da buƙata, a ba su nasu, kuma Baffa ya hana kowa ya yi musu kallon banza. Aka rubuta, shaidu suka sa hannu, aka ba mai albasa haƙuri, aka bi ta kotu don samun takardar da za a sauya sunan mai mota da ita.

Na san akwai masu cewa duk wannan bin diddigi rashin kara ne, ai ɗan uwa ya fi kuɗi. Gaskiya ne ya fi. Amma kyautar da Yaya ya yi ta zama kyauta ne saboda ya san nawa ya bari. Da an yi rufa-rufa an ce "a bar wa yaro kawai", mata za su yi shiru don kunya, sai bayan shekara goma maganar ta fito a wajen biki ko a bakin 'ya'yansu, lokacin da babu motar, babu Baffa, babu mai iya warwarewa. Na ga gidajen da babur ɗaya ya raba su ta wannan hanyar.

Don haka ɗan uwa, idan akwai irin wannan mota a ƙofar gidanku tana jiran a daina kunya, ku tashi tun damina ba ta sake dukanta ba. Ku nemo bakaniken da ba shi da kowa a cikinku, ku tattara takardu, ku tayar da ita, ku ji bakin mutum uku ko huɗu, ku karanta a gaban kowa har da matan da ke cikin ɗaki. Bayan nan wanda ya ga zai yafe ya yafe, wanda ya ga zai karɓa ya karɓa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin marayu, Ya bar zumunci. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.