Harsashi na 14

Duk wanda ya tashi tsakanin Samaru da Sabon Gari ya san Zariya garin soja ce. Tun 1924 Daffo ke horar da kurata, makarantar soja ta yara kuma ta biyo baya a 1954. Saboda haka ba ma rasa tsohon soja a zaure ko a rumfar kasuwa, kuma daga bakin irinsu na fara jin sunan Browning Hi-Power, ƙaramar bindigar da hafsoshin Ingila da na ƙasashen da ta raina suka daɗe suna ratayawa.

John Browning ne ya fara zana ta, ya rasu a 1926 bai gama ba. Dieudonné Saive na kamfanin FN a Beljiyam ya kammala, aka fitar da ita a 1935. Gidan harsashinta na ɗaukar guda 13, kusan ninki biyu na takwarorinta a lokacin. Tana da makulli da ake ɗagawa da babban yatsa, sai dai a tsofaffin ƙirar ƙarami ne, mai tauri. Gudumarta kuma ta shahara da cizon fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dabara ta uku. Idan aka zare gidan harsashi, kunamar ba ta aiki. An yi haka ne saboda harsashi ɗaya yakan rage a maƙogwaron bindigar, wanda ya riga ya hau, mai ita kuwa yana zaton ya kwashe komai. Dabarar ta ceci rayuka, amma tana koya wa hannu sakaci. Wanda ya saba da Browning, ranar da ya ɗauki Colt 1911 ta Amurka, wadda ba ta da wannan kariya, harsashin da ya rage zai fita. Tokarev ta Rasha ma ba ta da makullin hannu sam.

Wani kawuna da ya yi ritaya da igiya uku, yana sayar da kayan gyaran keke a Sabon Gari, ya kan ce a horonsu ba a yarda da makulli. Abin da aka cusa musu shi ne ka duba maƙogwaron da idonka, ka kuma ɗauka a cike take ko ka duba. Bai taɓa yarda yaro ya nuna masa ko bindigar roba ba.

Ingila ta sauya Browning da Glock 17 a 2013, amma ƙarfe ba ya ritaya. Tsofaffin bindigogi na nan suna yawo a Arewa, da lalatattun sifirin, a hannun waɗanda ba su taɓa taka filin Daffo ba. Wanda ya ci karo da irinta a kayan gado, kada ya gwada kunamar don ya ga ko tana aiki. Ya bar ta yadda take, ya kira 'yan sanda.