Rumbu a Cike, Jiki Ba Jini

Ƙasarmu ta kudancin Kano ƙasa ce mai albarka. Daga Bebeji, inda madatsar ruwa ta Tiga ke shayar da gonaki tun 1974, zuwa Kiru da Tudun Wada, har Doguwa da ke jingine da dajin Falgore, masara da dawa da shinkafa ba sa yanke mana. Sai dai a cikin gidajen da rumbunansu ke cike akwai wata yunwa wadda tuwo ba ya kashewa, wato yunwar sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke ƙera jini da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekarun haihuwa, da kashi 68 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, suna fama da ƙarancin jini.

A jikin matar yayana na ga fassarar waɗannan alƙaluma. Tana ɗauke da ciki na biyar ƙarfinta ya fara zagwanyewa. Macen da ke surfa kwano uku ba ta huta ba, sai ga shi guga ɗaya ta ja daga rijiya tana haki, jiri na ɗibarta, zuciyarta na bugawa kamar ganga. Ta kamu da kwaɗayin farar ƙasa. Wasu suka ce laulayi ne, wasu suka ce shawara ce. Aka haɗa mata lemon malt da madara, aka dafa zoɓo, wai jansa zai koma jini.

Ranar awo ma'aikaciyar lafiya ta buɗe fatar idonta ta ƙasa, ta duba tafin hannunta, duka sun yi fari fat. Gwaji ya nuna ma'aunin jininta 8, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki da ta gaza 11 ta shiga ƙarancin jini. Ma'aikaciyar ta dubi mahaifiyarmu ta ce, "Inna, idan ta zo haihuwa a haka, jinin da wata za ta zubar ta miƙe, ita zai iya tafiya da ita."

A nan muka ji dalilan da suka taru mata. Haihuwa kusa da kusa ta ƙarar da ajiyar jikinta. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini. Tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi tana tsotse shi a hanji, kamar yadda tsargiya ke zubar da na yaranmu masu wanka a magudanan ruwa. Sauran dalilin kuwa a kwano yake: tsokar nama ta maigida ce, ita sai romo, ga shayi da take kora abinci da shi, wanda ke hana hanji karɓar ƙarfen.

Maganin bai gagari aljihunmu ba. Aka ba ta ƙwayar ƙarfe haɗe da folik asid kullum, da maganin tsutsa, da na rigakafin zazzaɓi, da gidan sauro. Aka gargaɗe ta cewa bahaya zai yi baƙi, zuciya za ta ɗan tashi, kada ta daina, ta kuma ci gaba har bayan haihuwa. Hanta da kifi da wake da zogale suka shigo tukunya, ana bin su da gwaiba ko lemo, domin su ke taimakon jiki ya ɗauki ƙarfen. Ta sauka lafiya ba tare da ƙarin jini ba.

Ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba; na mai sikila daban yake, shi ya sa gwaji ke gaban magani. Amma mafi yawansa a hannun magidanta yake, su da ke ba da kuɗin cefane da izinin zuwa awo. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin da ya san a ba gona taki kafin a nemi amfaninta, shi ya fi cancanta ya fara tura tsokar nama kwanon mai juna biyu.