Takobi Da Lugude

'Yan uwana mata, musu ne ya kaure a gidanmu tsakanin Maigida da ƙaninsa a kan wasan kwamfutar nan Sekiro, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2019. Maigida ya ce wahalarsa zalunci ce, tunda ba a sa zaɓin sauƙi ba. Ƙanin ya ce kukan rago ne. Ina sa baki sai ya ce, "Haba Anti, ina ruwan mata da takobi?"

Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Da sun fita sai in zauna gaban talabijin. Genichiro, mai gadin saman fadar Ashina, ya kashe ni har na daina ƙirge. Ran nan sai na kasa kunne ga ƙarar takubban. Ashe lugude ne! Ya kawo sara ki tare, ya ƙara ki tare, har tsayuwarsa ta karye ki soke shi. Duk wadda ta taɓa daka da 'yar uwarta a turmi ɗaya ta san sakamakon gaggawa. Don haka ban goyi bayan Maigida ba, duk kisan da na sha laifina ne.

Amma ƙanin ma ban ba shi gaskiya duka ba. Gwaninsa Elden Ring na 2022 ba shi da maɓallin dakatarwa kamar Sekiro. Goyo na kuka, miya na ƙonewa, a ce ba dama ki tsayar? Wannan ai ba jarumta ake aunawa ba, marar girki ake nema.

Har yau bai yarda ni na kayar da Genichiro ba.