Kafin ka miƙa makullin gidanka

Jama'a, shigar da ɗan haya gida aikin yini ɗaya ne, amma fitar da shi kan ci shekara. Dokar karɓar gida da ake aiki da ita a Abuja, da dokar haya ta Legas ta 2011, duk sun ce mai biya shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida, in dai ba a rubuta wani wa'adi daban ba. Bayan nan a ƙara masa na kwana bakwai, sannan a nufi kotu. In ka fusata ka cire masa ƙofa ko ka watso kayansa waje, kai ne za ka koma mai laifi. Shi ya sa duk binciken da za a yi, kafin a karɓi kuɗi ake yin sa.

Abin da ke damuna shi ne irin tambayar da muke yi. Ɗan ina ne? Yana da aure? Gwauro ya zo, a ce gidan na masu iyali ne. Bazawara ta zo da marayunta, a ce ba a ba mace. Can sai ga wani ya fito daga mota, shadda tana ƙyalli, ya dire kuɗin shekara biyu, ko sunan mahaifinsa ba a tambaya ba aka ba shi makulli. Alhali babu mai gidan da ya je gaban alƙali saboda garin da ɗan hayarsa ya fito. Abin da ke kai mutane kotu bashi ne, da ɓarna, da rigima da maƙwabta.

Kada ka jingina komai da dillali. Ba zagin dillalai nake ba, akwai masu amana a cikinsu, amma shi dillali da ya karɓi la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100, aikinsa ya ƙare, naka kuma ranar ya fara. Idan ya ce maka "Alhaji, mutumin kirki ne," tambaye shi ko zai sa hannu ya tsaya masa.

Tashi da kanka ka je unguwar da mutumin zai baro. Tsohon mai gidansa zai iya yabonsa don ya rabu da ƙaya, saboda haka ka tsaya wajen mai shagon bakin layi da mai garuwa. Su suka san wanda ke biyan bashi da wanda sai an yi sallama sau goma. Ka binciki sana'arsa, domin kuɗin shekarar farko ba ya nuna komai: wani adashe ya ɗauka, wani rance ya ci. Tambayar ita ce ina na baɗi zai fito. Ka ji mutum nawa za su zauna, don masai da rijiyar da aka yi wa mutum shida ba za su ɗauki ashirin ba. Ka kuma ji me zai yi da gidan, kada ka wayi gari ɗakin tsakar gida ya zama wurin kiwon kaji ko an kafa injin markaɗe.

Sai maganar tsaro. Mutanen Kano ba su manta ba, bayan harin da aka kai garin ranar 20 ga Janairu 2012 jami'an tsaro sun rushe gidajen da aka samu 'yan bindiga a ciki. Don kada naka ya shiga irin wannan, ka karɓi kwafin katin ɗan ƙasa mai lambar NIN, ka nemi wanda zai tsaya masa, mutumin da aka san gidansa da wurin sana'arsa, ka kuma gabatar da shi ga mai unguwa.

Daga nan a rubuta. A fiƙihu ma haya ba ta inganta sai an san kuɗi an san wa'adi. A ƙara da wa zai gyara yoyo, wa zai kwashe masai, da bashin wutar da ke kan mita ranar shiga. Kunyar rubutu ce ta raba zumunci da yawa, musamman idan ɗan hayar ɗan'uwa ne.

Kai ma mai gida akwai naka. Bincike ba tonon asiri ba ne, abin da ka jiyo ya tsaya a cikinka. Kuma yadda ka so sanin aibinsa, faɗa masa na gidanka: layin yana cika da ruwa da damina, rijiyar tana ƙafewa da bazara. Wanda ka ɓoye wa wannan, da wane baki za ka nemi ya riƙe maka amana?

Allah Ya haɗa mu da mutanen kirki, mu ma Ya sa mu zama su.